Kukan Sauron da Baba Bai Ji Ba

Ranar da aka kai surukina makwancinsa, tabarmin gidanmu ba su ishi jama'a ba, sai da aka aro na masallaci. An zo daga Dogarawa, an zo daga Tsarnawa, har tsofaffin abokansa na kasuwar Ƙonni sun cika mota guda sun iso kafin azahar. Ni ina cikin gida wajen mata ina dama fura, amma zana ba ta tare magana. Duk abin da ake faɗa a ƙofar gida yana shigo mini.

Wani tsohon Buzu ya sauka daga raƙumi da rediyonsa naɗe cikin tsumma. Bai san an yi rasuwa ba, gyara ya kawo. Da aka gaya masa, sai ya zauna ya ɗora rediyon a cinya, ya ce, "To wa za ni kai ma shi yanzu?" Taubashin marigayin kuwa, wanda tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba tare da sun tsokani juna ba, ya share ido da bakin rawani ya ce, "Allah shi jiƙan kurma. Yau kam masu tambaya sai sun ɗaga murya." Aka yi dariya, aka bi ta da istigfari. Gwaggo, ƙanwar marigayin, ta jiyo daga ciki, ta dakatar da kukanta ta aika masa da zagi ta kan zana, sannan ta ɗora kukan daga inda ta tsaya.

Da la'asar tsohon majo ya iso daga Tawa, wato wanda ya shugabanci gidan likitan ƙauyenmu lokacin da na fara aiki. Ya sa aka kira ni zaure, ya ce, "Sannu, mai kunne. Allah shi ba ku haƙuri." Da alheri ya faɗa, na sani. Amma da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na amsa, na koma ciki, ban ƙara iya ɗaga ludayi ba a ranar.

Jikokinsa da suka taso yanzu kurma kawai suka sani, tsohon da ake yi wa ihu a kunne kafin ya karɓi tuwo. Ba su san akwai lokacin da duk ƙasar Dogarawa ba a yi mai kunnensa ba. Shi ya sa na zauna in rubuta abin da na gani, har da wanda ya shafe ni.

Ni 'yar Illela ce, ta ƙasar Tawa. An kawo ni gidan nan ina da takardar aikin jinya, mijina kuma mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, da aka tura Alela, sai hutu muke ganinsa. Saboda haka zamana da iyayensa ne, Baba da Inna. Wanda ya san surukuta ya san yadda abin yake. Ban taɓa kiran sunan Baba ba, ko yaron da aka sa wa sunan sai na sake masa wani. Ban taɓa cin abinci yana gani ba. In na gaishe shi a durƙushe nake, idona a ƙasa, muryata ba ta wuce tabarmar da yake kai. Shi ma bai taɓa kirana kai tsaye ba. In yana son ruwa sai ya dubi bango ya ce, "Ko mutanen Illela na da ruwan sanyi?" Ni kaɗai ce mutanen Illela a gidan.

Ban yi wata uku da tarewa ba Gwaggo ta fara ƙorafi. Wai wace irin amarya ce za ta fice tun hantsi ta je tana taɓa jikin mutane, ta dawo tana warin magani. Ta faɗa a tsakar gida, ta maimaita a gidan suna, har maganar ta fara nauyi. Wata rana ta kawo ta gaban Baba yana zaune da hanjin wani rediyo baje a kan buzu. Bai ɗaga kai ba ya ce, "Ni ka aiken ta kullum. In da magana, da ni za a yi." Daga ranar ban ƙara jin kowa ya tanka ba. Aikin da nake ci har yau, wannan jimlar ce ta tsare mini shi.

A Sakkwato Baba ya koyi gyaran rediyo yana saurayi, ya yi shekaru da rumfa a kasuwar Ƙonni, ya dawo gida da girma ya kama shi. Mutum ne gajere, mai saurin tafiya, mai ajiye komai cikin hula. In ya cire ta za ka ga ƙusa, da guntun dalma, da goro. Ba ya buɗe rediyo sai ya saurare shi tukuna, kai a karkace, ido a rufe, kamar mai jin gulma. Yakan ce, "Hannu wawa na, kunne ka yi mai jagora."

A cikin shekarun tamanin wani furoje, wato shirin taimakon ƙauyuka, ya kawo wa gidan likitanmu wutar rana. Aka kafa pano, faifan da ke zuƙar hasken rana, a kan rufi, aka jera batura a wani ɗan ɗaki, aka kawo firigo, na'urar sanyi ta ajiye allurar rigakafi. Wutar batir ba irin wadda firigon ke ci ba ce, don haka aka haɗa da wani akwatin ƙarfe mai juya ta ta koma kuran, wato lantarki irin na birni. Masu furoje suna da sunan da suke kiransa da Faransanci, bakin gari ya kasa ɗauka, Baba ya raɗa masa Mai-juyi, sunan kuma ya bi shi. Da za su tafi suka tambayi maigari wa za a bar wa makullin ɗakin. Ba a ma yi shawara ba. Baba ya ɗaura makullin a igiya ya rataya a wuya tare da layarsa.

Ba albashi a ciki, amma ya riƙe akwatin nan kamar ɗan fari. Ruwan rijiya bai taɓa shiga baturansa ba. Da damina, in an yi ruwa biyu uku sama ta wanke, sai ya kai kwanon tangaran tsakiyar fili, nesa da indararo, ya tari ruwan ya ɗura a kwalabe na shekara guda. In farin gari ya taru a bakin batir, da ruwan kanwa yake wanke shi, ya goge, ya shafa mai. Yana da wani ƙaramin rediyo mai jan baya wanda ba na jin labarai ba ne. Yakan murɗa shi zuwa inda babu tasha, ya kai shi kusa da Mai-juyi, sai kukan akwatin ya fito ta cikinsa. Da wannan yake gane lafiyar kuran.

Ni ce mai kula da firigo, don haka kusan kullum muna haɗuwa a ɗan ɗakin nan, shi a gaban akwati, ni a bakin ƙofa ina jira ya gama. Suruki ba ya zama ya koyar da surukarsa. Sai ya samo dabara. Da akwatin yake magana, da ƙarfi, yadda na bakin ƙofa zai ji.

"Yau ƙudan zuma kaka yi, Mai-juyi. Haka muka so. Wanda duk yaj ji zuma shi tahi abin nai."

Wata rana kuma, "Mi ag wanga tsartsatsi awa ana suyar ƙosai? Wata waya ta saki baki ke nan. Bari mu ɗaure ta."

In akwatin ya yi nishi mai kauri, ya ce an ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa, ko batura sun yi yunwa. Amma akwai kukan da ya fi tsana, wanda sau ɗaya na ji ya kwatanta shi tun akwatin yana sabo. Ya ce, "Ranar da duk kay yi mani kukan sauro, siriri can sama, to wani abu na mutuwa cikinka. Ranan nan ba a jiran gobe."

Yana cewa kuran iri biyu ne, akwai tankaɗaɗɗe, akwai mai tsaki, kamar garin tuwo. "Hitila maƙaryaciya ta," in ji shi, "ko mi ka ba ta ci takai ta yi haske. Firigo ko ɗan gata na, in ka ba shi mai tsaki cikin nai ka ɗaukar zahi." Wato kada ganin fitila a kunne ya ruɗi mutum ya ce lafiya. Ina tsaye ina wasa da bakin mayafi kamar ba na ji, alhali ko kalma ɗaya ba ta faɗi ƙasa ba. Ya san ina ji. Wani lokaci har ya maimaita wa akwatin abu sau biyu, don akwatin bai cika saurin ganewa ba.

Rigimarsa da majo kuwa har yau ana ba da labarinta. Majo ɗan gayu ne, ya tsallaka iyaka ya sayo dutsen guga na kuran. Wata rana da tsakar rana ya soka shi a bangon ofishinsa zai goge wando. Baba yana can ƙetaren hanya ƙarƙashin itacen bedi, yana cikin ciniki da mai rediyo, sai ya tsaya cak ya karkata kai. Ya jiyo nishin Mai-juyi daga can. Ya taso da saurinsa, ya shiga ɗakin batura, ya zare wani ɗan ƙarfe da ke kai kuran ofishin majo, ya jefa cikin hula. Majo ya fito da wando a hannu, ƙafa ɗaya a goge, ɗaya a yamutse, yana faɗa da Faransanci, yana ambaton jandarma.

Baba ya ce, "Kira su. In kana son wandonka shi yi kaihi, ga gawayi can gidan maƙeri. Wanga kuran na ɗiyan mutane na."

Sai da maigari da liman suka shiga tsakani. Ɗan ƙarfen ya yi mako a cikin hula, dutsen guga kuma ya koma gidan ƙanen majo a Ƙonni. Daga baya su biyun suka zama abokai, don majo ba mugu ba ne, bakinsa ne kawai ke riga hankalinsa.

Haka muka yi shekaru. Tsufa kuma ba ya sallama. Aka fara lura in an ce masa ina kwana ya ce kasuwa ta yi kyau. A masallaci yakan makara ɗagowa daga sujada sai ya ji motsin na kusa. Kowa ya gani, ba wanda ya faɗa. Da wani ne da tuni an sa masa suna, amma ta ina za a fara gaya wa Baba kunnensa ya yi nauyi? Ni kuma na ga abin da ba kowa ya gani ba. Ƙaramin rediyon nan da a da yake ɗan buɗe shi kaɗan, yanzu sai ya murɗe shi har ƙarshe ya manna a kunne.

Wata bazara mai tsananin zafi, baƙon dauro ya shiga ƙauyukan yamma da mu. An kawo mana alluran rigakafi cike da firigo, muna shirin fita zagayen ƙauyuka da rugage. Wata safiya ina bakin ƙofa, Baba ya kunna rediyonsa, sai na ji shi. Zumar tana nan, amma a samanta akwai wani siririn kuka, har cikin haƙorina nake jin sa. Na ɗaga ido na dubi bayan Baba, ina jira ya zabura. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce, "Lahiyarka lau. Zahi ka damunka, mu ma shina damunmu." Ya kashe rediyo ya kulle ɗaki.

Na koma wajen firigo. Bayansa ya yi zafin da ba na iya barin hannu. In injinsa zai tashi sai ya yi karkarwa, ya ɗan yi gudu, ya yanke. Da azahar ma'aunin sanyi na ciki ya fara hawa, ƙanƙarar da muke sawa cikin akwatin tafiya ta yi laushi. Fitilu kuwa suna ta haskensu. Na gaya wa majo firigo ba ya sanyi sosai, ya aika aka kira Baba. Ya zo ya wanke bakin batura da kanwa, ya ƙara musu ruwa, ya ɗaure wayoyin da ba su saki ba, ya hau rufi da tsufansa ya share pano. Duk abin da ya yi daidai ne, sai dai ba nan ciwon yake ba. Washegari sauron ya ƙara ƙarfi.

Wanda bai yi aikinmu ba ba zai gane tsoron da na ji ba. Allurar rigakafi in zafi ya kashe ta ba ta canza kama. Za ka tsira wa yaro, ya yi kuka, uwarsa ta goya shi ta tafi tana godiya, ta ɗauka ta tsare ɗanta, alhali ruwa ka zuba masa. Sai ciwon ya zo sannan a sani.

Na fara zuwa wajen Inna, na kewaya na kewaya, na faɗa mata. Ta ajiye taɓarya ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, tun ina budurwa nike zaune da mutumen ga, ban taɓa ce mai ya kasa ba. Ba ni ba wagga magana." Na ba direban motar Alela saƙo wajen mijina. Amsa ta dawo wai in yi haƙuri hutu ya kusa, in ya zo zai san yadda zai ɓullo wa tsohon. Shi yana maganar makonni, ma'aunin sanyi yana maganar kwanaki.

Sai na ce bari in bi hanyar da shi Baba ya buɗe. Da safe yana tsugune gaban akwatin, ni ina bayansa, na tattaro duk ƙarfin halina na ce, "Mai-juyi, yau kam kamar sauro nike ji." Na faɗa, Allah ne shaida. Amma da muryar da na saba gaishe shi na faɗa, wadda ba ta wuce tabarma. Bai ko motsa ba. Abin da ya rage shi ne in ɗaga murya, in yi wa surukina ihu a ƙeya cewa bai ji ba. Wannan kam na kasa. Ya kulle ɗaki, ya wuce ni yana cewa ko mutanen Illela sun tashi lafiya.

A ranar na shiga ofishin majo na gaya masa komai, har da maganar kunnen. Ya sa aka kwashe alluran cikin akwatin sanyi aka kai Dogarawa ajiya, ya aika Ƙonni a turo ma'aikacin gyaran wuta. Ba wanda ya gaya wa Baba. Ni na ɗauka majo zai gaya masa, majo ya ɗauka ai gidanmu ɗaya.

Ma'aikacin ya iso ranar awon jarirai, farfajiya cike da mata. Saurayi ne mai ladabi, ya durƙusa ya gaida Baba da aka kira ya kawo makulli. Baba ya ga baƙo da jakar kayan aiki, ya dubi majo, ya buɗe ɗaki. Saurayin ya jona na'urarsa ya ce kuran da ke fita ba tsabtatacce ba ne, shi ke ƙona injin firigo. Baba ya ce a'a, shi ya saurara, lafiya lau. Don ya nuna masa, ya ciro rediyonsa ya murɗe shi har ƙarshe. Kukan sauron nan ya cika ɗaki ya fito farfajiya. Wata mata ta toshe wa jaririnta kunne.

Saurayin ya ce, "Baba, ba ka jin wanga shewa?"

Ba da raini ya tambaya ba, mamaki ne. Baba bai dube shi ba, fuskokinmu ya bi da kallo, majo, da mai gadi, da matan da suka leƙo ta taga, kowa ya yamutsa fuska. A fuskokin ya ji abin da kunnensa ya hana shi. Ya kashe rediyon a hankali.

Aka buɗe akwatin. Saurayin ya nuna wani abu kamar ƙaramin gwangwanin tumatir, ya kumbura, ya tsattsafo da ruwa ya bushe. Baba ya san shi sarai, ya canza ire-irensa a rediyo ba adadi. Tun kafin saurayin ya buɗe baki ya faɗi sunansa, ya ce zafi ne ya shanye shi. Da ya ji kukan, da ko buɗewa ba sai an kira wani ya yi ba. Aka sa sabo, injin firigo ya tashi sumul.

Sai Baba ya ce, "Wa yaf fara ji?"

Majo, da bakinsa mai gaggawa, ya nuna ni yana murmushi, ya ɗaga murya yadda tsohon zai ji, matan farfajiya ma suka ji. "Surukarka mana. Ita tac ce a kira Ƙonni."

Na so ƙasa ta tsage. Baba bai juyo ba. Ya cire igiyar wuyansa, ya kwance makullin daga jikin layar, ya ɗora shi a kan akwatin. Ya ɗan shafa ƙarfen ya ce, "To, Mai-juyi, ka samu mai kunne." Ya sa hularsa daidai, ya ratsa matan nan ya fita da saurinsa na kullum.

Shekaru na yi ina juya wannan magana. Wata rana in ji ta kamar yabo, wata rana kamar an soka mini allura. Alluran sun tsira, mun yi zagayenmu, yaran da muka yi wa rigakafi a bazarar nan yau wasunsu suna lakwal. Kowa ya ce na yi daidai, har mijina da ya dawo. Ni ma in aka mayar da ni ranar ba zan bar magani ya mutu ba. Amma akwai liman, amininsa, wanda zai iya jan shi gefe ya gaya masa. Akwai taubashinsa, wanda zai iya faɗa masa cikin wasa ya wuce. Da an yi haka da shi da kansa zai aika Ƙonni, ya tari baƙon a matsayin mai gida. Duk wannan sai bayan an gama ya zo mini. Mutumin da ya rufa mini asiri gaban Gwaggo da jimla ɗaya, ni na bari aka buɗe nasa gaban matan gari. Kunnen da na kama shi da shi kuma, shi ya ba ni.

Bai ƙara taka ɗakin batura ba. Ko ta gaban gidan likita zai wuce sai ya bi ɗaya gefen hanya. Amma bai canza mini fuska ba ko sau ɗaya, wannan ma ya fi ciwo. Mutanen Illela suna nan yadda suke, ana tambayarsu ruwan sanyi, ana aiko musu da tsire ranar kasuwa. Duk damina kuma, in sama ta wanke, sai in tarar da kwalaben ruwan sama jere a bayan ɗakina, an toshe bakinsu da tsumma mai tsabta. Bai taɓa cewa na mene ne ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. In kwashe in kai wa batura.

Kunnen ya ci gaba da rufewa har ya rufe duka. Masu kawo gyara suka ragu, sai irin Buzun nan da labari bai kai musu ba, su kuma yakan gyara musu da ido da ɗan yatsa a kan lasifika. Jan rediyonsa yana tare da shi kullum. Yakan kwanta ya kunna shi ya ɗora a ƙirji, wai yana jin motsinsa a ƙashi.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ranar da aka ga jiki ya yi nisa, bayan la'asar aka fara shiga neman gafara kamar yadda aka saba. 'Ya'yansa suka shiga, Gwaggo ta shiga, kowa ya sunkuya ya yi masa ihu a kunne, shi kuma ya ce ya yafe, a yafe masa. Ƙofar ɗaki a buɗe, tsakar gida cike da maza. Da aka zo kaina na durƙusa daga bakin ƙofa, inda na saba tsayawa, na ce, "Baba, a gahwarce ni."

Inna tana zaune a gefen kansa ta ce, "Ɗaga murya, ɗiyata, ba shi ji."

Na sake faɗa. Ni kaina da ƙyar na ji. Ya ga inuwata, ya gane ni. Sai ya dubi rediyon da ke ƙirjinsa ya ce masa, "Kai, tambayo mani mutanen Illela. Zuma ko sauro?"

Shekarun nan duka bai taɓa ambaton akwatin ba sai ranar. Na ce, "Zuma." Inna ta sunkuya ta kai baki kunnensa ta ƙwala, "Ta ce zuma!" Ya lumshe ido ya ce, "Madalla." Inna ta dube ni tana jira ko akwai sauran saƙo. Da na ce mata ta faɗa masa ɗayar maganar, ta neman gafara, da ta faɗa, ba abin da zai hana ta. Amma za ta faɗa ne da ihu, gida cike, kowa ya tuna abin da ake neman gafara a kansa. Na ce wa kaina kada in sake tara masa jama'a. Ko kuwa kaina na tsare, har yau ban rabe ba. Na sunkuyar da kai na ja da baya. Washegari da hantsi ya cika.

Bayan sadakar bakwai Inna ta kira ni ɗakinta ta miƙo mini jan rediyon. Ta ce bai bar wasiyya a kansa ba, amma ita ba ta ga wanda zai yi masa amfani ba sai ni. Na koma aiki da shi cikin jaka. Na buɗe ɗakin batura da makullin da har yau ban ɗaura wa igiya ba, na murɗa rediyon inda babu tasha, na kai shi kusa. Zuma ce, tsantsa.

Na san ƙarfe ba ya kai saƙo. Allah ne mai ji, Shi nake roƙo ya haskaka kabarin bawan nan nasa, ya sa ya ji kiran alheri ranar da za a kira kowa. Amma a ɗakin nan ya koya mini yadda ake magana da wanda ba a iya duba. Na tura ƙofa, na durƙusa gaban akwatin, na ce, "Mai-juyi, ka gaya ma Baba shi yahe mani." Muryar ta fita da ƙarfin da ban san ina da shi ba, har mai gadi ya taso daga bakin ƙofar gida yana tambaya ko lafiya.

Na ce masa lafiya lau. Na share fuska, na duba ruwan batura. Na ƙarshen ya ɗan yi ƙasa, na ƙara masa daga kwalbar da Baba ya tara daminar bara. Saura biyu a bayan ƙofa.